Tsoron Lissafi da Yaron da Ake Koya wa Jadawalin Sau a Gida

A Amurka akwai iyaye masu yawa da ba sa kai 'ya'yansu makaranta, su da kansu suke karantar da su a gida, kuma tun 1993 doka ta amince da haka a dukan jihohi 50 na ƙasar. A nan wajenmu abin bai yaɗu haka ba, amma kusan kowane ɗalibin sakandare ya taɓa zama malamin gida, wato an ce ya zaunar da ƙanensa bayan magariba ya bi masa jadawalin sau. To, mai karatu ya san yadda takan kasance. A ce da yaro, "Bakwai sau takwas?" sai ya yi tsuru-tsuru, alhali jiya-jiya ya faɗi amsar ba gargada. Nan da nan sai a yanke masa hukuncin daƙiƙanci. Masana halayyar ɗan'adam kuwa suna da wani bayani dabam.

Ƙwaƙwalwa tana da rumbu babba inda take adana abin da aka haddace, tana kuma da wani ɗan wurin aiki inda take riƙe abin da ake sarrafawa a wannan lokaci. Mu kamanta wurin nan da ƙaramin allo wanda ba ya ɗaukar fiye da 'yan kalmomi. A 2001 Mark Ashcraft da Elizabeth Kirk sun sa mutane su yi tarawa da ka yayin da suke riƙe da wasu haruffa a zuci. Masu tsoron lissafi su suka fi tafka kurakurai, musamman inda tarawar ke buƙatar a ɗauki ɗaya a kai gaba. Dalili shi ne zullumi ma yana cin wuri a kan allon. Yaron da ke tunanin tsawar da za ta biyo baya ya riga ya cika allonsa da ita, babu sauran inda 56 za ta zauna. A 2012 kuma Ian Lyons da Sian Beilock na Jami'ar Chikago sun ɗauki hoton ƙwaƙwalwar masu irin wannan tsoro, suka ga sashen da ke motsawa idan jiki ya ji ciwo yana motsawa tun suna jiran a ba su lissafin. Jiran ne ke yi musu zafi, ba aikin kansa ba.

Ana iya zaton yaron gida ya tsira, tun da babu 'yan aji da za su yi masa dariya. Sai dai shi ba shi da bayan wanda zai ɓuya, domin kowace tambaya tasa ce, kuma fuskar da yake kallo ta wanda ya fi so ya faranta wa rai ce. Wani bincike da Erin Maloney da abokan aikinta suka wallafa a 2015 ya nuna cewa yaran aji ɗaya da aji biyu waɗanda iyayensu ke tsoron lissafi, kuma suke yawan taya su aikin gida, sun ƙare shekara da ƙarancin ci gaba da ƙarin tsoro. Ke nan uwar da ke cewa, "Ni ma lissafi bai taɓa shiga kaina ba," tana nufin rarrashi ne, amma gado take miƙawa.

Matakin farko na magani shi ne a rage wa jadawalin kwarjini. Daga 1 sau 1 zuwa 10 sau 10 amsoshi 100 ne. A kawo kiret ɗin ƙwai a ajiye gaban yaro: layi biyar, kowane layi gurbi shida, 30 ke nan. A juya kiret ɗin, ya koma layi shida masu gurbi biyar-biyar, ƙwai bai ƙaru ba, bai ragu ba. Gurabun dara da ake tonawa a ƙasa ma za su yi wannan aiki. Da zarar ya gane da idonsa cewa 5 sau 6 ita ce 6 sau 5, amsoshin nan 100 sun koma 55.

A ci gaba da sassabe. Gidan ɗaya da gidan goma ba sa buƙatar hadda, saura 36. Gidan biyu ninki ne kawai, gidan biyar kuwa duk yaron da aka taɓa aika sayayya ya iya ƙirga biyar-biyar, saura 21. Gidan tara shi ne gidan goma a ɗebe guda: 9 sau 7 daidai take da 70 ban da 7, wato 63. Saura 15. Gidan huɗu ninki ne sau biyu: 7 ta zama 14, 14 ta zama 28. Abin da ya rage amsoshi 10 ne rak, waɗanda ke tsakanin 3, 6, 7 da 8. Ya kamata a rubuta jadawalin duka a takarda, a ba yaron fensir ya riƙa soke abin da ya iya da hannunsa. Ganin dutse yana komawa tsakuwa ya fi kowane irin lallashi.

Ba ina cewa a bar hadda ba ne. Wanda ya haddace jadawalin shi ne allonsa ke samun fili idan an zo rabawa da aljabara. Saurin amsa abin nema ne, amma a ƙarshe yake zuwa. A Ingila tun 2022 ake yi wa 'yan aji huɗu na firamare gwajin tambayoyi 25, kowace a daƙiƙa shida. Malamin gida babu wanda ya ɗora masa wannan agogo, don haka kada ya ɗora wa kansa. Minti goma kullum sun fi awa guda ranar Asabar, domin tun 1885 Bajamushen nan Hermann Ebbinghaus ya nuna cewa bitar da aka rarraba cikin kwanaki ta fi zama a kai. A riƙa cakuɗa tambayoyin kuma, don yaron da ya iya rera gidan bakwai kamar waƙa yakan rasa 7 sau 8 sai ya faro daga 7 sau 1.

Idan ya ce 54 maimakon 56, a lura cewa ba shaci-faɗi ya yi ba. Amsar 6 sau 9 ce, maƙwabciya, ta riga 'yar'uwarta fitowa. Maimakon a ce "A'a," sai a tambaye shi wadda ya tabbata da ita a kusa. In ya ce 7 sau 4 ita ce 28, a ce ya ninka ta. A yi shiru, a kawar da ido daga fuskarsa, a bar shi ya iso 56 da ƙafarsa.