Gajiyar Da Kasuwa Ba Ta Da Maganinta

Karatu: 1 Sarakuna 19:1-21, Markus 6:30-32

Ɗan'uwa, 'yar'uwa cikin Almasihu, akwai gajiyar da barcin dare ɗaya yake kawarwa, akwai kuma wadda mutum yake tashi da ita da safe kamar bai kwanta ba. Wannan ta biyun ce take damun da yawa daga cikinmu a nan Miga: malamin da yake riƙe da aji cike maƙil, ma'aikaciyar asibitin da take haɗa aikin dare da na rana, wanda aka turo aiki ya bar iyali a nesa. A shekarar 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana irin wannan gajiya da alamu uku: ƙarfi ya ƙare, zuciya ta fita daga aikin har mutum ya fara jin haushinsa, sannan aikin ya daina yin kyau a hannunsa. Ba lalaci ba ne, ba kuma lallai aljani ne ba, ko da yake mu mun fi saurin tsawata wa aljani fiye da tambayar ɗan'uwa yaushe rabonsa da hutu.

Ku da kuke zaune a bakin kogin Hadejia kun san aikin kacala. In ta toshe hanyar ruwa, ruwan ba ya tsayawa, sai ya fasa ta wani gefe ya shiga gonar shinkafa. Gajiyar da ba a ba ta hanya ba haka take yi, kuma sau da yawa ta aljihu take fasawa. Albashi ya shigo, sai zuciya ta ce, ai na sha wuya, bari in faranta wa kaina rai. Atamfa ta uku a wata ɗaya. Takalmin da ba a da inda za a sa shi. Sabuwar waya, alhali tsohuwar lafiya lau take. A da sai an jira ranar kasuwar Gujungu ko an shiga mota zuwa Kantin Kwari a Kano, kafin nan zuciya ta huce. Yanzu kasuwar tana cikin WhatsApp, kana kwance da tsakar dare ka tura kuɗi, direba ya kawo maka kaya. Ga kuma mai kawo kaya wurin aiki, tana cewa ɗauki kawai, sai ƙarshen wata.

Daɗin gaskiya ne, amma ka lura da inda yake. Yana cikin zaɓe da ciniki da jiran kaya, domin a nan ne kaɗai mutumin da ake juya shi a wurin aiki yake jin shi ma yana da iko a kan wani abu. Da an buɗe leda, ya wuce. Ranar Litinin aikin yana nan yadda ka bar shi, ga bashi ya ƙaru a kai. Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayu na 2023 kowa ya san yadda kuɗi suke gudu. Wanda ya ci rabin albashinsa tun bai zo ba, ba ya iya neman hutu, ba ya iya ƙin ƙarin aiki. Abin da ya saya don ya huta shi ne ya ƙara ɗaure shi.

Yanzu ka dubi Iliya. Bai daɗe da ganin wuta ta sauko a Dutsen Karmel a gaban annabawan Ba'al 450 ba, amma saƙo ɗaya daga Yezebel ya sa shi gudu. Ya bar baransa a Biyer-sheba, ya yi tafiyar yini guda cikin jeji, ya zauna a gindin wani itace yana roƙon mutuwa. Shafaffen Allah ke nan. Ubangiji bai fara da faɗa ba. Ya bar shi ya yi barci, mala'ika ya tashe shi ya ci gurasa ya sha ruwa, ya sake kwantawa, aka sake tashe shi ya ci. Sai a Horeb, bayan tafiyar kwana 40, Allah ya tambaye shi abin da ya kawo shi, ya saurari kukansa har sau biyu. Iliya yana ganin shi kaɗai ya rage, Allah ya sanar da shi akwai mutum 7,000 da ba su durƙusa wa Ba'al ba, ya kuma ba shi Elisha. Barci, abinci, kunnen da zai saurara, da mataimaki. Ubangiji Yesu ma, da almajirai suka rasa ko lokacin cin abinci saboda taro, janye su ya yi zuwa wurin da ba kowa.

Saboda haka in sha'awar saye ta taso bayan aiki, ka tambayi kanka: yaushe na ci abinci, awa nawa na yi barci, wa ya ɓata mini rai yau? Ka ba abin kwana uku. In bukata ce ta gaske za ta jira ka. Ranar albashi, tun kafin ka leƙa waya, ka ware zakka, kuɗin abinci, na makarantar yara da na adashi. Ki rubuta duk bashin kayan da ake binki a takarda ɗaya, ki nuna wa maigida ko wata amintacciya a zumuntar mata, ki kuma gaya wa mai kawo kaya cikin mutunci cewa kin dakata sai kin gama biya. Da kunya, na sani, amma ta yini ɗaya ce. Dandalin tallan da yake jan ka da dare, ka fita daga ciki.

Sai ita kacalar kanta. In kana da hutun shekara, ka rubuta ka nema. In nauyin ya fi ƙarfinka, ka faɗa wa shugabanka. In a majami'a ne aka ɗora maka mawaƙa da makarantar Lahadi da addu'ar dare duka, ka zauna da fasto a nemo maka Elisha. Wanda kuwa ya kai ga jin mutuwa ta fi masa, kamar Iliya, kada ya kwana da shi: ya sami fasto yau, ya kuma ga likita.

Addu'a: Ya Uba, ka taɓa ni kamar yadda ka taɓa bawanka a jeji. Ruhu Mai Tsarki, ka riƙe hannuna ranar albashi, ka ba ni ƙarfin hali in faɗa wa wani gaskiyar bashina. Cikin sunan Yesu, Amin.