Hukuncin Kwafar Manhajar Kwamfuta Ba Da Izinin Mai Ita Ba

Godiya ta tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, wanda ya halatta ciniki, ya kuma tsare wa kowane mai haƙƙi haƙƙinsa. Tsira da aminci su tabbata ga Shugabanmu Annabi Muhammadu, da alayensa, da sahabbansa baki ɗaya.

Bayan haka, darasinmu na wannan mako a kan wata mas'ala ce wadda mai karatu ba zai same ta da sunanta a cikin Risala ko Askari ba, amma ƙa'idojin warware ta suna nan a cikinsu. Tun daga shekarar 2015, da hukumar JAMB ta mayar da jarrabawarta duka kan kwamfuta, wannan na'ura ta daina zama kayan ofis kawai. Yau uba a nan Aujara ya kan sayar da buhunan riɗi ko ɗan tinkiya don ya saya wa ɗansa mai karatu a Jami'ar Tarayya ta Dutse, ko Jami'ar Sule Lamiɗo ta Kafin Hausa, 'yar kwamfutar tokumbo daga kasuwar Farm Centre ta Kano. Ita kuwa kwamfuta gangar jiki ce kurum, ba ta tsinana kome sai da manhaja, watau tsararren umurnin da a ke ɗora mata don ta yi rubutu ko lissafi ko zane. Manhajojin da aka fi amfani da su a shagunan buga takardu na Jahun da Kiyawa da Dutse, irin su Windows da Office da CorelDRAW, na sayarwa ne, masu su sun sa musu kuɗi. Amma abin da aka saba shi ne a kai wa mai gyara, ya zaro ɗan filas daga aljihu, ya ɗora wadda aka fasa makullinta, wadda samari ke kira kirak, a ba shi ladan aikinsa, kowa ya kama gabansa. Tambayar ita ce: mene ne matsayin wannan a Shari'a?

Maganar da na fi ji a bakin mutane ita ce: "Malam, ai ba a rage masa kome ba. Tasa tana nan, tawa tana nan." Wannan magana ba ta banza ba ce, tana da rabin gaskiya, kuma ya kamata a ba ta haƙƙinta. Sata wadda Larabawa ke kira sariƙa, wadda a ke yanke hannu a kanta, malamai sun yi mata iyaka: ɗaukar dukiyar wani a ɓoye, a fitar da ita daga ma'ajiyarta, watau hirzi, kuma ta kai nisabi, wanda a mazhabar Maliku shi ne rubu'in dinari ko dirhami uku. Mai kwafar manhaja bai fitar da kome daga ma'ajiya ba, asalin abin yana hannun mai shi. Saboda haka kada wani mai zafin kai ya hau mumbari ya ce duk mai kirak ɓarawo ne na haddi. Ba haka ba ne.

Amma fa kuɓuta daga haddi daban, halacci daban. A nan ne fikihunmu na Malikiyya ya ke da wata rarrabewa mai kyau ƙwarai. Sun ce akwai gasabu, watau ƙwace ainihin abu, akwai kuma ta'addi, watau cin amfanin abu ba da izinin mai shi ba, alhali ainihinsa yana nan a matsayin nasa. Misali, maƙwabcinka ya tafi cin rani Legas ya kulle ɗakinsa, ka sami makulli ka shiga ka zauna wata shida, ka fita kafin ya dawo, ka share, ka kulle. Ko bulo ɗaya bai ragu ba. To, wa zai ce ba ka ci haƙƙinsa ba? Alƙali zai sa ka biya kuɗin haya. Haka wanda ya kwance jakin wani da dare ya yi jigilar taki, ya mayar da shi turke kafin asuba. Dalili kuwa shi ne, a wurin Maliku da Shafi'i da Ahmadu, amfani shi kansa dukiya ne, ana sayar da shi, wannan sayarwar ita ce a ke kira ijara. Magabatan Hanafiyya ne su ka tafi a kan cewa amfani ba dukiya ba ne a kan kansa, kuma daga wannan tushe ne mafi yawan saɓanin ya taso. Muftin Pakistan, Muhammad Shafi'u, bai yarda da sayar da haƙƙin wallafa ba, sa'an nan ɗansa Muhammad Taƙi Usmani ya zo ya rinjayar da halaccinsa, saboda al'adar mutane ta riga ta mai da shi abu mai daraja da a ke ciniki a kansa.

A kan wannan ne Majalisar Fikihu ta Ƙungiyar Ƙasashen Musulmi, mai mazauni a Jidda, ta zauna a Kuwait cikin watan Disamba na 1988, a zamanta na biyar, ta fitar da ƙuduri mai lamba 43. Abin da ya ƙunsa a taƙaice shi ne, sunan kasuwanci da tambarinsa, da haƙƙin wallafa, da haƙƙin ƙirƙira, duka haƙƙoƙi ne na masu su, suna da ƙimar dukiya, Shari'a tana tsare su, ba ya halatta a yi musu ta'addi. A wannan shekara ce kuma gwamnatin Janar Babangida ta kafa dokar haƙƙin mallaka ta Nijeriya, wadda aka maye gurbinta da sabuwa da Shugaba Buhari ya sa wa hannu a watan Maris na 2023, kuma manhajar kwamfuta tana cikin abin da doka ta tsare. Kwamitin fatawa na dindindin na ƙasar Sa'udiyya, zamanin Shaihu Ibn Baz, shi ma ya ba da fatawa cewa ba a kwafar manhajar da masu ita su ka hana sai da izininsu.

Akwai kuma wani abu da mutane ba su lura da shi. Duk sa'ad da za a ɗora manhaja, sai ta kawo wani dogon rubutu na sharuɗɗa, ba kuwa za ta wuce ba sai an danna wurin da ke nuna an yarda. Ba mai karantawa, na sani. Amma a mazhabarmu ciniki yana ƙulluwa da duk abin da ya nuna yarda, ko da miƙa da karɓa ne ba tare da magana ba, kamar yadda ka ke ajiye kuɗi ka ɗauki ƙosai. Ayar farko ta Suratul Ma'ida kuwa umurni ce da cika alkawura, kuma ya zo cikin hadisin da Abu Dawuda ya ruwaito cewa Musulmi ana riƙonsu da sharuɗɗan da su ka ɗauka.

Yanzu sai maganar da ta fi tayar mini da hankali, domin ita ana yi mata rigar addini. Za ka ji saurayi ya ce: "Ai kamfanonin Yahudu da Nasara ne, dukiyarsu ganima ce." Subhanallahi! Ganima tana da babinta, da shugabanta, da filin dagarta, da rabonta, ba a samunta a shagon mai gyara a bakin tasha. Wannan irin tunani shi ne ainihin abin da Allah ya zargi wasu daga Ma'abota Littafi da shi a aya ta 75 ta Suratu Ali Imrana, waɗanda in an ba su amanar dinari guda ba su mayarwa, suna riya cewa babu laifi a kansu game da dukiyar wanda ba nasu ba, Allah kuwa ya ƙaryata su. Ashe za mu ɗauki halin da aka zargi wasu da shi mu mai da shi fatawa?

Mu dubi Sira. Sa'ad da Manzon Allah (S.A.W.) zai yi hijira, mutanen da su ka kewaye gidansa da takubba, danginsu ne ke da ajiya a wurinsa. Bai ce ta zama ganima ba, sai ya bar Sayyidina Aliyu a Makka don ya mayar wa kowa da kayansa. Mugira ɗan Shu'uba kuma, kafin ya musulunta, ya yi tafiya da wasu mutane, ya kashe su ya kwashe dukiyarsu, sa'an nan ya zo Madina ya musulunta. Annabi ya karɓi Musuluncinsa, amma ya barranta daga dukiyar, ko da ya ke masu ita mushirikai ne. Buhari ya kawo wannan cikin dogon hadisin sulhun Hudaibiyya, malamai kuma su ka ciro daga cikinsa cewa dukiyar wanda ba Musulmi ba ba ta halatta ta hanyar yaudara a halin aminci. Wanda ya ke ganin wani kamfani yana taimakon azzalumai, yana da hanya a buɗe, ya ƙaurace wa kayansa ɗungurungum, kuma a yaba masa. Amma ka ce ka yi fushi da mai tuwo, sa'an nan ka zagaya ta bayan danga kana ɗibar tuwon, wannan ba ƙauracewa ba ce.

Wasu ɗalibai kuma su kan kawo hadisin da ya yi gargaɗi da linzamin wuta ga mai ɓoye ilmi. Wannan ba ya buƙatar dogon jawabi. Wanda ya baje kayansa a kasuwa ya sa musu farashi bai ɓoye ba. Mu da mu ka tashi muna kai kuɗin Laraba, mu ke kuma biyan alaramma ladan rubuta Alƙur'ani da hannu, ba mu taɓa cewa ya ɓoye ilmi ba.

Duk da haka, adalci ya sa a faɗi abin da ke wuyan kamfanonin, domin kukan talaka a kansu gaskiya ne. Lasisin Windows guda ya haura dala 100, dala kuwa ta wuce Naira 1,500 a shekarar 2024, shekarar da aka tsayar da mafi ƙarancin albashi a kan Naira 70,000. Watau albashin wata biyu cur bai isa ba, tun ba a zo kan Office ba. Kamfanin Adobe tun 2013 ya daina sayar da sababbin manyan manhajojinsa sayarwa ta har abada, sai dai haya, wata ya ƙare ka sake biya. Microsoft kuma ya sanya ranar 14 ga Oktoba, 2025 ta zama ƙarshen kulawar yau da kullum ga Windows 10, alhali Windows 11 ba ta karɓar da yawa daga tsofaffin kwamfutocin da ke hannun 'ya'yanmu, ga su kuwa da sauran ƙarfinsu. Wannan hali ne na mai son a zubar a sake saye. Ni a ganina abin zargi ne. Amma tsadar kaya tana ba ka damar ka ƙi saye, ba ta ba ka damar ɗauka.

To, ko lalura fa? Lalura tana halatta abin da aka hana, amma da sharaɗin babu wata mafita, a nan kuwa akwai. Wannan jayayya ba yau ta fara ba, ko a can Amurka. A 1976 Bill Gates ya rubuta buɗaɗɗiyar wasiƙa yana kukan ana kwafar manhajarsa ba biya. A 1983 wani masani, Richard Stallman, ya ɗauki ɗaya hanyar, ya fara aikin rubuta manhajar da kowa ke da izinin kwafa da gyarawa da rabawa. A 1991 wani ɗalibi a ƙasar Finland, Linus Torvalds, ya fito da Linux, wadda a kanta aka gina Android da ke cikin wayar da ke aljihunka. Yau akwai Ubuntu da Linux Mint a madadin Windows, suna kuma tafiya lafiya a kan tsofaffin kwamfutoci da yawa, akwai LibreOffice a madadin Office, akwai Inkscape da GIMP ga masu zane. Waɗannan duka, in za mu kwatanta da abin da mu ka sani, kamar rijiyar waƙafi su ke, masu haƙa ta sun ce kowa ya ɗiba. Haka Maktabatus Shamila da malamanmu ke bincike da ita, kyauta a ke raba ta. Gaskiya ne sai an ɗan sha wahalar koyo, kuma wani aikin ofis ba ya yiwuwa sai da waccan ta kuɗi. Amma jihar da ta buɗe makarantar koyon kwamfuta a Kazaure tun zamanin Gwamna Saminu Turaki ba ta rasa matasan da za su koya wa 'yan'uwansu wannan ba.

Mutane kuwa ba ɗaya su ke ba a wannan babi. Mafi nauyi shi ne ɗan kasuwar da ke ɗora fasasshiya ya ce wa mai saye ta asali ce, ya karɓi kuɗin ta asali. Wannan ya haɗa ta'addi da algus da ƙarya, kuma wajibi ne ya mayar da abin da ya karɓa a kan haka. Sai mai shago ko makaranta ko ofis da ke samun kuɗi da ita kullum, shi ya kamata ya sa lasisi cikin jarinsa kamar yadda ya sa janareta, ko ya koma ta kyauta. Ɗalibin da ya kwafa don karatun kansa, ba don ciniki ba, shi ne malamai su ka fi sassauta wa. Shaihu Ibn Usaimin ya ce a bi al'ada, ya kuma yi fatan babu laifi ga mai kwafa don kansa matuƙar mai abin bai fito fili ya hana har wannan ba. Sai dai manyan kamfanonin nan sun hana a rubuce, saboda haka sassaucin bai kai inda a ke so ya kai ba.

Ga wani abu kuma da zai amfani mai shirin saye. Tun daga Windows 8, a shekarar 2012, manyan masu ƙera kwamfuta su kan dasa lambar lasisi a cikin jikin na'urar kanta. Saboda haka da yawa daga tokumbon da a ke kawowa suna zuwa da halattaccen lasisinsu, wanda mai ita na farko ya riga ya biya, amma sai mai gyara, don gaggawa ko rashin sani, ya goge ya ɗora kirak a kai, wani lokaci har da ƙwayar cutar da ke satar lambobin sirri na banki. Kafin ka miƙa kwamfutarka, ka ce masa ya duba ko tana da nata lasisin, in tana da shi ya ɗora irin Windows ɗin da ta dace da shi, da an haɗa ta da intanet za ta karɓa da kanta.

Mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, za mu duba hukuncin wanda aka kai wa waya ko kwamfuta gyara ya buɗe hotuna da saƙonnin da ke ciki. Wallahu a'alamu.