Darasi: Hawa da Kuɗi, Sauka Kyauta

Ku ɗauki mangwaro ku jefa shi sama. Zai tashi, ya ɗan tsaya, sannan ya dawo. Abin da ya dawo da shi shi ne ƙarfin jan ƙasa. Wasu suna kiransa maganaɗisun ƙasa, amma sunan bai dace sosai ba. Maganaɗisu ƙarfe yake ja, ita kuwa ƙasa ba ta zaɓe: tana jan dutse da ruwa da mutum. Wani masani ɗan Ingila, Isaac Newton, shi ya bayyana ƙa'idar wannan ƙarfi a shekarar 1687.

To, shin fasaha za ta iya kashe shi? Kafin ku amsa, ku dubi ruwan famfo na garin Bauchi.

Daga madatsar ruwa ta Gubi ake kawo shi. Bayan an tace shi, manyan injuna su ke tura shi ta cikin bututu zuwa tankunan da ke kan dutsen Warinje. Me ya sa ake kai shi bisa dutse? Domin daga can babu mai tura shi. Da kansa yake gangarowa zuwa unguwanni, ƙasa na jansa. Hawan ne ke cin wutar lantarki da man gas, saukar kuwa kyauta ce. Idan injuna suka tsaya, tanki zai ƙare, famfo ya ƙafe, a koma neman 'yan ga-ruwa. Haka abin yake ga duk gidan da ke da rijiyar burtsatse da tanki a sama. Ke nan injin bai kashe jan ƙasa ba. Kokawa yake yi da shi, kuma kokawar tana da tsada.

Jirgin da ke tashi daga filin jirgin sama na Sir Abubakar Tafawa Ɓalewa ma haka ne. Injinsa yana tura shi gaba, fikafikansa suna danna iska ƙasa, iska kuma tana ɗaga shi sama. Roka ta fi shi ci: a kan roka aka harba tauraron ɗan'adam na farko na Nijeriya, NigeriaSat-1, daga Rasha a 2003.

Wataƙila kun ga hoton 'yan sama-jannati suna yawo a cikin tasharsu kamar auduga. Kada ku zaci babu jan ƙasa a can. Tashar tana da nisan kilomita kusan 400 daga ƙasa, inda jan ya kai kusan kashi 90 cikin ɗari na wanda muke ji. Faɗuwa suke yi, su da tashar tare, amma gudunsu na gefe ya sa suna kewaya duniya maimakon su faɗo mata. Har yau ba a ƙera na'urar da ke tare jan ƙasa yadda laima ke tare ruwan sama ba.

Sababbin kalmomi
Ƙafe: ruwa ya ƙare a rijiya ko famfo.
Gangaro: sauko daga tudu.
'Yan ga-ruwa: masu sayar da ruwa gida-gida.

Tambayoyi
1. Me ya sa ake ɗora tankin ruwa a bisa tudu?
2. Ku yi jimla biyu da kalmar "gangaro".
3. Ku tattauna: a unguwarku, wa ke biyan kuɗin hawan ruwa?