Tsohon Ƙarfe a Sabon Gini: Yadda Ake Ba Shi Maki

A ƙasashe da yawa yanzu ana yi wa gini jarrabawa kamar ɗan makaranta, a ba shi maki gwargwadon yadda ya sassauta wa muhalli. Ingila ce ta fara a 1990 da tsarin da ake kira BREEAM. Amurka ta biyo baya da LEED. Daga baya hukumar IFC, reshen Bankin Duniya, ta fito da EDGE domin ƙasashe masu tasowa, har da Najeriya da Gana.

Cikin abubuwan da ake dubawa akwai kayan ginin kansu. Dalili kuwa, sarrafa sabon kaya yana cin wuta ƙwarai. Siminti kaɗai shi ke jawo wajen kashi 7 zuwa 8 cikin ɗari na iskar kabon da duniya ke fitarwa. Alminiyam kuma, in aka narka tsoho, ana rage kusan kashi 95 cikin ɗari na makamashin da sabo zai ci.

To, yaya ake lissafin? Mu ɗauki LEED na 2009, ko da yake yanzu an daina aiki da shi, don shi ya fi fito da abin fili. Ba a auna tsohon kaya da buhu ko da mota, da kuɗinsa ake aunawa. In darajarsa ta kai kashi 10 cikin ɗari na kuɗin kayan ginin, maki 1. In ta kai kashi 20, maki 2. Sannan an raba tsohon kayan gida biyu. Abin da jama'a suka yi amfani da shi suka yar, kamar ƙarfen matacciyar mota, ana ƙirga shi cif. Ragowar da ta fito daga masana'anta, kamar tokar kwal da ake gauraya wa siminti, rabi ake ƙirgawa, tunda ba ta taɓa shiga hannun mai saye ba.

Ga misali. A ce kayan gini sun ci naira miliyan 100, rodi ya ɗauki miliyan 20 a ciki. In kamfanin da ya yi rodin ya ba da takarda cewa kashi 80 cikin ɗari tsohon ƙarfe ne, an sami miliyan 16 ke nan, maki 1 ya tabbata. In babu takarda fa? Sai a ƙaddara kashi 25 kawai, a rubuta miliyan 5, makin ya kuɓuce, alhali rodin shi ne dai wanda ke cikin ginshiƙi.

A nan ya kamata maginanmu su buɗe kunne. Rodi mai yawa a kasuwannin Najeriya daga ƙarfen da 'yan gwangwan da 'yan bola jari suka tara ake narko shi, amma wa ke neman shaida a wurin dillali? Ko tsohuwar ƙasar katangar da ta zube, wadda magabata ke jiƙawa su sake cuɗa tubali da ita, ba za ta tsinana komai a wannan lissafi ba, don ba ta da tsada. A ganina nan ne raunin tsarin: ya fifita kaya mai kuɗi a kan kaya mai yawa. Ɓaraguzan kankare mota goma ba su kai darajar rodi mota ɗaya ba, ko da yake su suka fi cika juji. An ɗan rage wannan giɓi da wani maki daban: wanda ya hana rabin sharar gininsa zuwa juji yana da maki 1, mai kashi 75 yana da 2.

Kada kuma a ɗauka tsohon kaya zai ɗauki gini ya kai shi gaci. Jimlar makin LEED 110 ne, kuma sai an sami 40 ake ba da shaida mafi ƙanƙanta. Tsimin makamashi kaɗai yana iya kawo 19 a tsarin 2009. Da aka sabunta tsarin a 2013, sai aka cusa batun tsohon kaya cikin babbar tambaya: daga ina kayan ya fito, kuma me ya ci tun daga haƙo shi? EDGE ma hanyar da ya bi ke nan, yana neman ragin kashi 20 cikin ɗari a wuta, da ruwa, da abin da sarrafa kayan ya ci.

Abu na ƙarshe, masu ba da makin nan ba ƙarfin gini suke aunawa ba. Niƙaƙƙen kankare yana da kyau wajen ciko da shimfiɗar hanya, amma kada a zuba shi a ginshiƙi ko dakin sai injiniya ya gwada ya amince. Haka rodin da aka yi da tsohon ƙarfe: a kai samfurinsa ɗakin gwaji kafin a ɗaure shi, a kuma adana takardar gwajin tare da rasit.