Cocin Wusasa: Fasalin Ingila, Ginin Hausa

A Wusasa, bayan ganuwar Zariya, akwai cocin Anglikan mai suna St Bartholomew, wanda aka gina da ƙasa a shekarar 1929. A shekarar ce 'yan mishan na C.M.S. suka tashi daga cikin birni, inda Dokta Miller ya zauna tun 1905, suka koma can. Wannan darasi zai dubi ginin ne ta fuskar kalmomi, domin a cikinsa tsarin ibadar Ingila ya haɗu da hannun maginan Zazzau.

A Ingila, tsohon cocin ƙauye yakan miƙe ne daga yamma zuwa gabas. Mai shiga zai fara tarar da kwamin baftisma, galibi na dutse, kusa da ƙofa. Sai doguwar farfajiyar da jama'a ke zama, da mumbarin wa'azi a gabanta, da abin ɗora Littafi Mai Tsarki, wanda sau da yawa ake ƙera shi da siffar gaggafa. Bagade yana can ƙuryar gabas, hasumiyar ƙararrawa kuma yawanci a yamma. Duk wannan tsari na son ɗaki mai tsawo da faɗi, wanda na baya zai hangi na gaba.

A nan gizo ke saƙa. Maginin Ingila yana da dutse da dogayen katako, na Zazzau kuwa tubali da azara ne kayan aikinsa. Azara, wato tsagin giginya, gara ba ta cika cin ta ba, amma ba ta ɗaukar nauyin rufin ƙasa idan tazarar ta wuce mita 2 ko makamancin haka. Dabarar da Bahaushe ya daɗe da ganowa ita ce bakan gizo: a kafa azara cikin bango, a ɗaura wata a kanta da igiya ta ɗan zarce, gaɓa bayan gaɓa, daga ɓangarorin biyu har su haɗu a sama, sannan a lulluɓe da ƙasa. Idan bakunan suka gitta juna a tsakiyar rufi, an sami ɗaurin guga ke nan. Ɗalibi ya lura, duka sunayen biyu siffantawa ce: ɗaya daga sararin sama, ɗaya daga bakin rijiya. Wannan fasaha ce Babban Gwani Muhammadu Durugu ya kai ƙololuwa a Masallacin Juma'a na Zariya, zamanin Sarki Abdulkarimu, wajen shekaru 90 kafin a aza tubalin Wusasa. Da irinta aka sama wa cocin faɗin da yake bukata.

Ginin ƙasa kuwa sai da kula. Kowace damina tana cin rabonta, in ba a gyara indararo an sabunta yaɓe da makuba ko laso ba. A ganina kalmomin sun fi bangon shiga haɗari, domin na sha tambayar aji ma'anar laso a yi tsit, alhali ɗaliban haifaffun Sabon Gari da Samaru ne.

Aiki
1. Nemi magini na gargajiya a Jushi ko cikin birni, ka rubuto kalmomi 15 na sana'arsa tare da ma'anarsu.
2. Daga cikin mumbari, bagade, coci da hasumiya, waɗanne ne aro, kuma daga wane harshe?