Shago a Dutsin-Ma, Reshe a Kurfi: Ina Za a Ajiye Lissafin?

A watan Satumba na 2021 an katse layukan sadarwa a ƙananan hukumomi 13 na jihar Katsina saboda matsalar tsaro, ciki har da Dutsin-Ma da Kurfi. Ɗan kasuwar da duk lissafinsa ke can a intanet, a irin wannan rana ba zai san wa yake bi bashi ba, balle buhu nawa ya rage a sito. Don haka mai shagon taki da maganin feshi a Dutsin-Ma, da ke son haɗa shi da reshensa na Kurfi, ya fara da wannan: kowane shago ya riƙe bayanansa a wurinsa, intanet kai saƙo tsakani kawai zai yi.

Na'urar da za ta riƙe bayanan ba mai tsada ba ce. Raspberry Pi, kwamfutar da ba ta fi tafin hannu ba, ta fito a 2012 kan dala 35, kuma manhajar da ke tafiyar da ita, Raspberry Pi OS, kyauta ce, an gina ta kan Debian Linux. Cajar samfuri na 4 wat 15 ce, ƙaramar sola da batir sun riƙe ta.

Shago mai kanta ɗaya rumbun bayanai na SQLite ya ishe shi. D. Richard Hipp ya fitar da shi a 2000, yana tara komai a fayil guda, kuma yana cikin kowace wayar Android. Inda ake yin ɓarna shi ne a ajiye fayil ɗin a Dutsin-Ma, a ce Kurfi ta riƙa rubutu a cikinsa ta intanet. Ba a yi shi don haka ba. Layi na rawa ana tsakiyar rubutu, fayil na iya lalacewa. In masu karɓar kuɗi sun kai uku ko huɗu, a koma PostgreSQL ko MariaDB, duk na'urar za ta ɗauka.

Sai haɗin garuruwan biyu, inda yara masu gyaran kwamfuta suka fi shan wuya. Kamfanonin waya kan haɗa kwastomomi masu yawa a adireshin intanet ɗaya, shi ya sa na'urar Kurfi ba za ta iya kiran ta Dutsin-Ma kai tsaye ba, ko da sabis ya cika. Maganin shi ne a kama hayar ƙaramar saba a intanet, kowane shago ya kira ta ta WireGuard, wanda ya shiga Linux tun 2020, yana kuma rufe bayanai a hanya. In an tashi kasuwa, a ɗauki kwafi da umarnin .backup na SQLite, sannan rsync ya tura abin da ya canza kaɗai, ba ya cin data da yawa. Rasit kuma a bambanta: na Dutsin-Ma ya fara da D, na Kurfi da K, kada lambobi su yi karo ranar haɗa lissafi.

Ɗauke wuta kwatsam na lalata memori kad ɗin na'urar, gara a sa rumbun a SSD ta USB, kuma na'urar ta sha wuta ta batir.

Akwai abin da ba a cika lura da shi ba: samfuri na 4 ba shi da agogo mai batir, daga intanet yake samun lokaci. In an kunna shi ba sabis, cinikin Laraba zai iya shiga da kwanan watan Litinin. Ƙaramin agogon DS3231 na gyara wannan. Samfuri na 5, na 2023, ya zo da nasa, batirin ne ake saya daban.

Ranar da sabis ya ɗauke gaba ɗaya, a zuba kwafin a filas, a kulle shi da lambar sirri tunda akwai sunayen masu bashi a ciki, a ba direban motar Kurfi. Kuma duk wata a buɗe kwafi ɗaya a wata kwamfutar, a tabbatar yana buɗuwa.