Baki Da Abin Da Ke Cikinsa

Baki shi ne ƙofar ciki. Duk abin da mutum zai ci ko zai sha, ta nan ya ke bi, ta nan kuma magana ta ke fitowa. Daga waje akwai leɓɓa biyu, na sama da na ƙasa, kumatu kuwa su ne bangonsa dama da hagun. Rufin baki shi ake kira ganɗa. Gabanta ƙashi ne mai tauri, bayanta kuwa nama ne mai taushi, a ƙarshensa kuma beli ya ke reto. In mutum zai haɗiye abu, sai naman nan ya ɗaga ya toshe hanyar hanci, don kada abinci ya ɓata hanya.

Harshe tsoka ce, ba shi da ƙashi ko ɗaya, shi ya sa ya ke juyawa yadda ya so. Shi ke tura lomar tuwo ƙarƙashin haƙora, shi ke bambanta zaƙi da ɗaci da tsami da gishiri. Da shi da leɓɓa ake sarrafa magana. Ba mai iya cewa “baba” sai ya haɗa leɓɓansa, ba kuwa mai cewa “tudu” sai harshensa ya taɓa bayan haƙoransa na sama.

Miyau kuma yana da nasa aiki. Daga waɗansu manyan maɓuɓɓuga guda 6 ya ke fitowa, biyu gaban kunnuwa, biyu ƙarƙashin muƙamuƙi, biyu ƙarƙashin harshe. Yana jiƙa abinci, yana wanke haƙora. Wanda ya daɗe yana tauna gurasa zai ji ta soma zaƙi, domin miyau ya fara narkar da ita tun ba ta kai ciki ba.

To, sai haƙora. Suna kafe cikin muƙamuƙi, dasashi ya rufe gindinsu. Muƙamuƙin ƙasa kaɗai ke motsi, na sama a tsaye ya ke. Sau biyu rak haƙora ke tsiro wa ɗan Adam. Na fari su ne haƙoran nono, guda 20. Su kan soma fitowa jariri yana da kamar wata 6, su cika kafin ya shekara 3, ko kusa da haka. Yaro ya kai wajen shekara 6 sai ya soma famfara, watau haƙoran nono su riƙa girgiɗa suna faɗuwa, na girma suna maye gurbinsu.

Haƙoran babban mutum 32 ne, kowane iri da aikinsa. Akwai na gaba guda 8, masu kaifi kamar wuƙa, don gatsa. Akwai fiƙa guda 4, masu tsini, don yagar nama. Bayansu akwai ƙananan turame 8, sa'an nan manyan turame 12, waɗanda ke niƙa abinci. Huɗu na can ƙurya ba su kan fito ba sai mutum ya kai shekara 17 zuwa 25, waɗansu mutane ma ba sa fito musu sam.

Akwai turame huɗu da ya kamata kowane ɗan makaranta ya sani. Su kan fito yaro yana da kamar shekara 6, a bayan haƙoran nono, biyu sama biyu ƙasa, ba tare da wani haƙori ya faɗi ba. Saboda haka iyaye da yawa su kan zaci na nono ne, in sun ga sun soma ruɓewa sai su ce a bar su, ai za su faɗi wasu su fito. Alhali kuwa na girma ne. In ɗayansu ya tafi, ya tafi ke nan, sai giɓi har tsufa.

Haƙori ɗaya kashi uku ne. Farin ɓawon da ake gani a waje ya fi kome tauri a jikin mutum, har ya fi ƙashi. Ƙarƙashinsa akwai wani sashe mai ɗan rawaya, wanda bai kai shi ƙarfi ba. A tsakiya kuma akwai ɓargo mai jijiyoyi da hanyoyin jini, waɗanda suka bi ta cikin saiwa suka shiga muƙamuƙi. Ƙashi in ya karye ya kan ɗoru, amma ɓawon haƙori in ya huje ba ya tofowa.

Mutane su kan ce tsutsa ke cin haƙori, amma ba tsutsa ba ce. Waɗansu ƙwayoyin cuta ne ƙanana ƙwarai, waɗanda ido ba ya gani. In yaro ya sha alewa ko rake ya kwanta bai wanke baki ba, sai su ci sukarin da ya maƙale, su fitar da wani ruwa mai tsami. Tsamin nan shi ke cin ɓawo kaɗan kaɗan har ya yi rami. Da fari ba a jin kome. Ran da ramin ya kusa ɓargo, ran nan barci ya ƙare.

Maganin wannan ba wuya. Yaro mai hankali ya kan goge haƙoransa sau biyu kowace rana, da safe da kuma lokacin kwanciya, da asawaki ko da buroshi da man goge baki mai sinadarin fuloraid. Ba ya tsayawa ga na gaba da mutane ke gani, sai ya kai har turamen ƙurya. Ya kan rage kayan zaƙi, ba ya buɗe kwalba da haƙori. In ya ga baƙin ɗigo a haƙorinsa, ko jini a dasashi, sai ya gaya wa iyayensa su kai shi wurin likitan haƙori tun ramin yana ƙarami. Hausawa sun ce rigakafi ya fi magani.

Tambayoyi

1. Mene ne aikin naman da ke bayan ganɗa?
2. Haƙoran nono guda nawa ne, na girma kuma nawa?
3. Don me ake zaton turamen shekara 6 na nono ne?
4. Me ke huda haƙori?